Ciwon hanta: Gwaji ya ce ba a ga ƙwayar cuta ba, a ajiye magani ke nan?

Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku kan ciwon hanta nau'in B ita ce: mutum ya shekara biyu yana shan tenofovir kullum, takarda ɗaya ta ce ba a ga ƙwayar cutar a jininsa ba, ɗayar kuma ta ce har yanzu yana ɗauke da ita. Wacce za a yarda da ita? Duka biyun, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Gwajin HBV DNA yana ƙirga yawan ƙwayar cutar da ke yawo a jini. Aikin tenofovir da entecavir shi ne hana ta hayayyafa, shi ya sa adadin ke sauka har na'ura ta kasa gano ta. Sai dai cutar tana ɓoye irinta a cikin hanta, inda maganin ba ya iya tumɓuke shi. Daga nan ake ci gaba da fitar da wani sinadari na ɓawonta mai suna HBsAg, wanda ake dubawa kafin aure ko ba da jini. Muddin yana nan, cutar tana nan, danne ta kawai aka yi.

Sauran layukan takardar labarin garkuwar jiki suke bayarwa. Duk sunan da ya fara da "anti", makami ne da jiki ya ƙera. Idan HBeAg ya ɓace, anti-HBe ya bayyana, garkuwa ta fara cin galaba, kuma abin farin ciki ne. Amma a nan Afirka ta Yamma manya da dama ba su da HBeAg tun ranar da aka gano cutar, alhali tana cin hantarsu, don haka rashinsa kaɗai ba shaidar lafiya ba ne. Anti-HBc kuwa tabo ne na cewa an taɓa haɗuwa da cutar, yakan zauna har ƙarshen rayuwa, kada ganinsa ya tayar da hankalin kowa.

Babban burin shi ne HBsAg ya ɓace, anti-HBs ya maye gurbinsa. Yana faruwa, amma da wuya: cikin masu shan maganin, kusan mutum 1 cikin 100 a shekara, ko ƙasa da haka. Saboda haka duk mai tallar saiwa a tasha da ya ce zai wanke maka shi cikin wata guda, aljihunka zai wanke.

Haɗarin yana wajen ajiye magani da ka. Cikin makonni ko watanni ƙwayar cutar kan dawo da ƙarfi, garkuwar jiki ta far mata, hanta ta zama filin daga. Gwajin ALT, mai nuna kumburin hanta, ya yi sama, ido ya yi shawara, wani ma hantar ta gaza. Wanda hantarsa ta riga ta ƙanƙance ba a tsayar masa da magani sam. Sauran ma likita ne ke yanke hukunci, ya kuma ci gaba da bibiya da gwaji.

Na san gwajin HBV DNA da tsada. Idan kuɗi bai kai ba, a faɗa wa likita, a yi ALT da gwajin ƙoda, tunda tenofovir kan taɓa ƙodar wasu, amma kada a fasa shan magani. Sau ɗaya ake sha a rana, ko da azumi ana iya mayar da shi sahur. A kuma adana takardun gwaji wuri ɗaya bisa kwanan wata, a riƙa zuwa da su asibiti, domin likita ya fi karanta yadda adadin ke tafiya fiye da sakamakon rana guda.