Yawancin firintocin da ake jinginewa ba mutuwa suka yi ba

A shagunan buga takardu da ke kewaye da manyan makarantu da sakatariyoyi, da wuya a rasa wata firinta a ƙarƙashin tebur, ƙura ta lulluɓe ta. Idan aka tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce: ta fara fitar da rubutu layi-layi, ko hoton fasfo yana fitowa da fuska kore-kore, mai gyara kuma ya ce kanta ya tafi. Gaskiyar magana ita ce da yawansu toshewa kawai suka yi, kuma yadda ake riƙe su ne ya jawo hakan.

Firinta mai feshin tawada tana aiki ne da wasu 'yan ƙofofi a kanta waɗanda ba su kai kaurin silin gashi ba. Tawada ruwa ce, idan ta daɗe a bakin ƙofar ba ta motsa ba sai ta bushe. Shi ya sa idan aka kashe firinta ta maɓallinta, takan mayar da kan mazauninsa ta rufe shi da wani murfin roba. Amma idan aka zare wayar daga bango, ko aka ɗauke wuta tana tsakar aiki, ko aka kashe janareta a rufe shago, kan na iya kwana a buɗe. A lokacin hunturu, da iska ke busar da leɓen mutum ma, ba a buƙatar kwanaki da yawa kafin ya toshe.

Babban kuskuren yana zuwa ne bayan matsalar ta bayyana. Mai shago zai danna wankin kai, wanda masu sana'ar ke kira hed kilinin, sau shida ko bakwai a jere, kwastoma na tsaye a kansa. Kowane wanki tawada yake zuƙa ya zubar cikin wani soso da ke cikin injin. A firintocin Epson akwai ma'aunin da ke ƙirga wannan zubarwar, kuma idan ya cika injin kan ƙi aiki gaba ɗaya. Ka ga an tashi neman gira an rasa ido. Littafin da kamfanin ke haɗawa da irin su L3110 ya ce idan an wanke sau 3 ba a ga sauyi ba, a bar ta aƙalla awa 12 kafin a sake gwadawa. Mutum nawa ne suka taɓa buɗe littafin?

Abin da ya kamata a fara yi shi ne buga takardar gwajin nozul, wadda ba ta cin tawadar kirki. Ita za ta nuna launin da ya yanke cikin huɗun nan: baƙi, shuɗi, ja-ja da rawaya. Fuska kore-kore alama ce cewa ja-jan ba ya fita. Idan kuwa gwajin ya fito cif, to ba toshewa ba ce, wanki ɓarna ne kawai. Rubutun da ke fitowa biyu-biyu ko a karkace yakan bukaci daidaita kan ne, ko kuma ƙura ta hau siririn ledar nan mai sheƙi da kan ke bi yana karanta matsayinsa. Wani lokacin ma saiti ne: an sa takardar hoto alhali kwamfuta tana kan takardar yau da kullum, ko an bar ta a kan bugun gaggawa mai tsimin tawada.

Sai batun tawadar kasuwa. Babu mai zargin ɗan kasuwa don ya nemi sauƙi, musamman yadda farashin kaya ya tashi. Sai dai haɗarin ba ɗaya ba ne. A ƙananan firintocin HP da Canon da yawa, kan yana jikin katirij ɗin ne, idan ya lalace a sayi wani a wuce wurin. Na Epson kuwa a jikin injin yake, kuma sauya shi kan ci wani babban kaso na kuɗin sabuwar firinta. Wanda ke zuba wannan tawada yau, gobe waccan, ko ya bar tankin ya yi ƙasa da layi har iska ta shiga bututu, da jarinsa yake caca.

Masu sayarwa ma suna da nasu laifin. Ofishin da ke buga wasiƙa biyu a mako ba shi da haɗi da firinta mai tawada; ta leza ce daidai da shi, domin garin tona ba ya bushewa. Mai tawada ta mai aikin launi ce kullum, kuma ko shi ɗin, idan kasuwa ta yi sanyi lokacin hutun makarantu, yana da kyau ya buga shafi ɗaya mai launi duk mako, ya kashe ta ta maɓalli, ya lulluɓe ta da ƙyalle kafin ya ja ƙofa.