Bakassi da Darak: Mu Daina Ɗora wa Hague Laifin Abuja

'Yan uwanmu na wancan ɓangaren sun dage sai an rubuta a kundin manufofin jam'iyya cewa Najeriya ta janye amincewarta da hurumin Kotun Duniya da ke Hague. Hujjarsu Bakassi. Ni dai ban goyi baya ba.

Kamaru ta kai ƙara a 1994, kotu ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002, ta jingina da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Takardar Turawan mulkin mallaka ce, babu wanda ya tambayi masuntan wurin. Wannan ciwo ne, na yarda. Kuma mu a Arewa muna mantawa hukuncin ya shafi Tafkin Chadi: a ƙarshen 2003 aka miƙa Darak da ƙauyuka sama da 30, inda mutanenmu ke su da noma.

To amma wa ya sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006? Obasanjo. Sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Majalisar Dattawa ta yi ƙorafin haka a 2007, aka toshe kunne, aka sauke tuta a Agustan 2008. Dokar kotun ta ba da shekara 10 a nemi sake duba hukunci in an samu sabuwar hujja. Wa'adin ya cika a Oktoban 2012, gwamnatin Jonathan ta ce ba za ta nema ba. Haba jama'a, a nan ina laifin alƙalan Hague?

Za a ce ai Amurka ta yi watsi da hukuncin 1986 a shari'arta da Nikaraguwa, ba abin da ya same ta. Gaskiya ne. Ita tana da kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, mu fa? Ranar da wata babbar ƙasa ta taka mu, kotun nan da muke zagi ita ce kaɗai zauren da za a saurare mu.

Abin da nake so wakilanmu su kai taro shi ne: kada shugaban ƙasa ya sake miƙa ko taƙi ɗaya na ƙasa sai majalisa ta kaɗa ƙuri'a a bainar jama'a, kuma a ware kuɗin tsugunar da waɗanda aka raba da gidajensu kafin a sa hannu.