Wa Ya Kori Ma'aikacin, Manaja Ko Na'ura?

A da, idan aka sallami ma'aikaci, ya san ofishin da zai dosa, ya kuma san fuskar wanda ya sa hannu a takardar. Yana iya kai kukansa, ko ya tura dattijo ya ba da baki. To yanzu manyan kamfanonin duniya sun shigo da sabon salo. Sun ɗora wa kwamfuta abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, ita ke tace wanda za a ɗauka aiki, ita ke auna saurin lebura, ita ke nuna wanda za a kora. Shi kuwa manaja ya koma ɗan amshin shata.

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake. Na'urar nan ba hankali gare ta ba. Ɗura mata bayanan abin da aka yi a baya ake yi, sai ta tsinci salonsa ta gina hukunci a kai. Idan akwai son kai a bayanan, to son kan za ta haddace. Daga 2014 kamfanin Amazon na Amurka ya gina irin wannan na'ura don tace masu neman aiki, aka koyar da ita da takardun shekara 10, waɗanda akasarinsu na maza ne. Sai ga shi tana rage wa takarda maki don kawai an ambaci mata a ciki. Ala tilas aka yi watsi da ita, asirin kuma bai tonu ba sai 2018, da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bankaɗo shi.

Sannan in na'ura ta yi kuskure, wa ke kwana a ciki? Kamfanin Zillow, shi ma na Amurka, ya dogara da lissafin kwamfuta wajen sa wa gidaje farashi yana saye don ya sayar. Lissafi ya kwaɓe, aka yi ta sayen gidaje da tsada. A Nuwamban 2021 ya rufe sashen, ya ce zai sallami kashi 25 cikin 100 na ma'aikatansa, kimanin mutum 2,000. Manya suka zaɓi bin na'ura, raunana suka biya kuɗin sabulu.

Ba wanda ke musun amfaninta. Tana hango kayan da za su ƙare a sito, tana gano almundahana a asusu kafin akanta ya buɗe littafi. Inda gizo ke saƙar shi ne a mai da ita labulen da mai iko zai ɓuya a baya, ya yanke wa bawan Allah hanyar abincinsa, in an tambaye shi ya ce ai kwamfuta ce. Alhali shi ya saye ta, shi ya faɗa mata abin da za ta ƙirga!

Wasu direbobin Uber sun ƙi yarda da wannan rainin hankali. Manhaja ta rufe masu asusu bisa zargin zamba, suka kai ƙara. A Afrilun 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta Amsterdam a ƙasar Holan ta gano cewa a yawancin ƙararrakin duban da aka ce mutum ya yi je-ka-na-yi-ka ne kawai, ta kuma umurci kamfanin ya yi masu bayanin yadda aka yanke hukuncin.

Kada 'yan uwa matasa su ɗauka labarin nesa ne. Mai tuƙi da manhaja a Abuja, da mai neman rance ta waya, tuni suna ƙarƙashin irin wannan lissafi. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023, a sashe na 37, ta ba mutum 'yancin ƙin hukuncin da na'ura ce kaɗai ta yanke shi, matuƙar ya shafe shi sosai, in ban da wasu 'yan togaciya. Duk wanda aka rufe wa asusu ko aka hana shi aiki ta haka, ya rubuta wa kamfanin a takarda, ya nemi ɗan Adam ya sake duba maganarsa, ya kuma adana kwafe.