Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnatin Tarayya kan Ginin Independence House na Legas

Independence House, dogon bene mai hawa fiye da 20 da ke kusa da Dandalin Tafawa Ɓalewa a tsibirin Legas, an gina shi ne a farkon shekarun 1960 domin tunawa da samun 'yancin Nijeriya. Ofisoshin gwamnati sun zauna cikinsa, daga baya ya zama hedikwatar tsaro, har gobara ta ci wani sashensa a 1993. Tun daga nan ginin bai koma hayyacinsa ba.

Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfen da ke cikin kankare, ruwan sama yana bin tsagogi, kowace damina kuɗin gyara ƙaruwa yake yi. Ya kamata injiniyoyi su fara auna ƙarfin ginshiƙansa, a toshe yoyo, sannan a gyara ciki ba tare da sauya fuskarsa ta asali ba. Ana roƙon gwamnati ta sanya shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, ta kuma zuba masa 'yan haya.