Wasiƙa Zuwa ga Marubutan Labaran Baƙar Gobe



Daga Sama Road a Sakkwato nake rubuto muku, musamman ku da kuka fara ƙaga labaran duniyar da ta lalace, wadda haihuwa ta ƙaura daga cikinta. Na san inda aka samo irin. A 1985 Margaret Atwood ta fitar da The Handmaid's Tale, inda hukumar Gilead ta mallake matan da suka rage masu haihuwa, ta lulluɓe zaluncin da rigar addini. Littafi ne mai ƙarfi, amma don Allah kada ku ciro ɗakunansa ku dasa mana a nan.

Muna da namu wuraren masu alfarma. Akwai Hubbaren Shehu, inda mata ke zuwa ziyara kowa da damuwarta a zuci. Sai dai wurin da nake so ku tsaya ya fi wannan ƙanƙanta: ɗakin mai jego. Ku tuna goyon ciki, yarinya ta koma gaban uwarta don haihuwar fari. Ku tuna tukunyar wanka a kan murhu har kwana arba'in, da kunun kanwa, da ungozoma tana binne mabiyiya a bayan ɗaki ba tare da shawartar kowa ba. Miji da kansa daga bakin ƙofa yake yin barka. To, ranar da ma'aikacin hukuma ya ɗaga labulen nan da takalminsa, riƙe da rajista, ya ce a miƙo jariri, mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar ku gaya masa duniya ta ƙare.

Tsoron rashin haihuwa ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A 2003 jita-jitar cewa allurar shan inna tana hana haihuwa ta sa aka dakatar da rigakafi a Kano sai 2004, yara suka shanye a banza.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuke mantawa da wadda ake kira juya, da mai wabi da ke sa wa ɗanta Ajuji don mutuwa ta raina shi ta wuce. Su sun daɗe a cikin duniyar da kuke ƙagawa. Ku ba ɗayarsu baki, ita ta ba da labarin, tana zaune a tsakar gida ranar sunan kishiyarta.