Ina Sauran Ɗari Biyu da Sha Ɗaya?

A shekarar 2007, ɗalibai 381 ne suka shiga aji na tara a sakandaren Bowie da ke birnin El Paso na jihar Teksas a Amurka, dab da iyakar Meziko. Da shekara ta zagayo, 170 kacal aka tarar a aji na goma. Ba annoba aka yi ba. A wancan lokacin, aji na goma shi ne ajin da gwamnatin tarayya ke duba sakamakonsa a jarrabawar jiha mai suna TAKS, domin ta yanke hukunci ko makaranta ta ci ko ta faɗi.

Tushen lamarin wata doka ce da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2002, wadda sunanta ma alkawari ne cewa ba yaron da za a bari a baya. A ƙarƙashinta, kafin a maye gurbinta a 2015, makarantar da ta jera shekaru ba ta kai mizani ba ana iya sauya shugabanninta ko a sallami malamanta. Yawancin 'yan Bowie kuwa 'ya'yan talakawa ne masu jin Sifaniyanci, da dama Ingilishinsu bai nuna ba. Koyar da irin wannan yaro sai an yi shekaru. Kawar da shi daga ɗakin jarrabawa kuwa aikin yini guda ne. Sai aka zaɓi mai sauƙin. Wasu aka danne su a aji na tara, wasu aka gyara musu takardu aka tsallakar da su zuwa na sha ɗaya, wasu aka ce su zauna a gida ranar jarrabawa, wasu kuma aka nuna musu ƙofa. Mutanen garin suka laƙaba musu suna "ɓatattu". Sakamako ya tashi, aka yi tafi, shugaban makarantun gundumar, Lorenzo García, ya karɓi ladan ƙwazo.

A 2012 García ya amsa laifi, aka yanke masa ɗaurin wata 42 kan wannan da wata badaƙalar kwangila. Masu kare tsarin sai su ce, to ai ga shi an kama ɓarawo, me ya rage? Ni ban yarda ba. A 2010, lokacin da ɗan majalisar dattawan jihar Eliot Shapleigh ya yi ta ƙorafi, hukumar ilimi ta Teksas ta duba ta ce ba ta ga laifi ba. Yaya za ta gani, alhali alƙaluman da take awo da su su ne aka yi wa kwalliya? Wanda ya rataya abincin malami da kujerar shugaba a kan lamba ɗaya, ya riga ya koya musu inda za su sa hannu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ba ina cewa a soke jarrabawa ba ne. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana da haƙƙin sanin ko ana koya wa ɗanta wani abu. Abin da nake ƙi shi ne a kira kason waɗanda suka ci "ƙoƙarin makaranta", alhali lissafin bai san da wanda bai zauna ba. Na yarda cikin 211 ɗin nan akwai waɗanda iyayensu suka ƙaura, amma ƙaura ba ta cinye fiye da rabin aji a shekara guda.

Mu ma nan gida mun saba ganin alluna a ƙofar makarantun kuɗi suna shelar "ɗari bisa ɗari" a WAEC da NECO. Ban taɓa ganin allon da ya ƙara layi na biyu ba: yara nawa suka fara aji huɗu na sakandare, nawa kuma aka yi wa rajista da suka kai aji shida. Wannan layin nake so doka ta tilasta a rubuta, da haruffa masu girman na farkon.