KHAL ƊIN TUFFA DA MAGANAR RAGE ƘIBA



Kwalaben khal ɗin tuffa sun yawaita a rumfunan 'yan magani na zangunanmu, daga Kumasi har Nima, ana sayarwa da sunan wai yana narkar da teɓa. Mai talla kuwa ba ya rasa jawo hadisi. Hadisin gaskiya ne, yana cikin Sahihu Muslim ta hanyar Jabir, Allah Ya yarda da shi. Amma wanda ya karanta shi ya san Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yabi khal ne a matsayin mahaɗi, watau abin da a ke tsoma gurasa a ciki. Babu zancen ƙiba a ciki ko kaɗan.

Wanda ya baza zancen shansa don magani a ƙasashen Turawa wani likita ne na Amurka, D. C. Jarvis, cikin littafinsa na shekarar 1958. Daga baya masana suka ɗora maganar a ma'auni.

A 2009 aka gwada a Japan da mutane 175 masu ƙiba, mako 12. Waɗansu suna shan babban cokali ɗaya kullum cikin abin sha, waɗansu biyu, waɗansu ba a ba su khal ba. Masu shan suka ragu da kilo ɗaya zuwa biyu. Ko kaza guda ba ta kai ba in ta yi girma! Da suka daina kuwa, cikin mako huɗu nauyin ya komo. Sa'an nan masu binciken ma'aikatan Mizkan ne, kamfani mai yin khal. Ban ce sun yi ƙarya ba, amma ɗan kasuwa ya san yadda a ke sauraron mai kaya in yana yabon kayansa.

A 2024 wata mujallar likitoci ta Ingila ta buga wani bincike daga Lubnan, wai samari da 'yan mata 120 aka gwada, masu shan khal ɗin suka zubar da kilo shida zuwa takwas cikin mako 12. Labarin ya zaga duniya. A watan Satumba na 2025 mujallar ta janye shi, domin da aka sake duba lissafin bai tsaya ba. Har yanzu da shi waɗansu ke talla.

Ɓarnarsa fa? Tsaminsa wajen kashi biyar ne cikin ɗari, yana cin farin haƙori, yana ƙona maƙogwaro in an sha shi tsagwaronsa. Mai ciwon sukari da ke kan allura, da mai hawan jini da ke shan ƙwayar sa fitsari, kada su lazimce shi sai sun tambayi likita, don yana iya rage musu wani gishiri na jini wanda zuciya ke aiki da shi.

Attajirai, ku sayar da shi, halal ne, amma ku ce wa mai saye kayan abinci ne. Wanda ya zauna a rumfa tun hantsi har la'asar, da shayi mai madarar gwangwani da safe, wake da shinkafa da rana, tuwo bayan isha'i, cokalin khal ba zai taɓa cikinsa ba. Mai marmarinsa ya yayyafa a ganye ko kifi, ko ya zuba ƙaramin cokali a kofin ruwa cike, ya sha tare da abinci, ya kurkure baki.